Filin Mata: Fumfuna da Huhun Mai Ciwon Ƙoda

Ga shi damina ta ja jiki, kaka ta kawo kai, kowane gida ana ta shirin shigo da amfanin gona. Saboda haka na ga ya kamata wannan mako mu ɗan jingine zancen ɗinki da girki, mu taɓa wata magana ta lafiya wadda ta dace da lokacin.

Maganar kuwa ita ce ta fumfuna, wannan dai da muke gani a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a gyaɗar da ruwa ya taɓa, ko a bangon ɗakin da ke yoyo. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, fumfuna har ta isa a ɓata takarda a kanta?" To, ga mai lafiya ba ta isa ba. Amma ga wanda ƙodarsa ta lalace, balle wanda aka yi wa dashe, tana iya shiga huhunsa ta kafa saiwa, in ba a farga da wuri ba ta kai shi kushewa cikin 'yan makonni.

Ciwon ƙoda kuwa yanzu ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Mutanen Gashuwa da Nguru da Haɗeja sun daɗe suna kuka da shi, sauran garuruwa ma ba su tsira ba. Wa ke jinyar waɗannan bayin Allah? Mu ne mata. Mu ke share ɗakin, mu ke buɗe buhun hatsi, mu ke jin tari da tsakar dare sa'ad da kowa ya yi barci. Ashe kuwa mu ya fi kamata mu san wannan al'amari.

Yadda garkuwar jiki ke raunana

Kowane mutum Allah ya ba shi ƙoda biyu, kowace girmanta kamar dunƙulen hannunsa. Aikinsu tace jini, kamar yadda muke tace gasara. Kowace rana suna tace ruwan jini wajen lita 180, su mayar wa jiki da kusan dukansa, su fitar da dattin a fitsari kamar lita 1 da rabi. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu lalata ƙoda. In ta gaza, sai datti ya taru a jini, fararen ƙwayoyin jini kuwa, watau dakarun da ke yaƙi da cuta, su yi sanyi. Wankin ƙoda da ake yi da na'ura, yawanci sau 3 a mako, kowane zama kamar awa 4, yana rage dattin, amma ba ya mayar da dakarun nan yadda suke da.

Wanda Allah ya hore wa kuma sai a yi masa dashe. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara an yi shi ne a shekarar 1954 a birnin Bostan na Amurka, a hannun wani likita Joseph Murray. Abin da ya sa ya yi kyau shi ne mai bayarwa da mai karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, jikin bai ga ƙodar a matsayin baƙuwa ba. Sauran mutane kuwa ba haka ba ne. Da an dasa ƙodar wani, sai dakarun jiki su taso mata da yaƙi. Dole likita ya ba majinyaci magungunan da za su kwantar da su, irin su firedinisolon da takrolimus, kuma zai yi ta sha muddin ƙodar tana jikinsa. A Nijeriya an fara dashe a Legas a shekarar 2000, sa'an nan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002. Wasu kuma Indiya ko Masar suke zuwa a yi musu, su dawo gida mu ci gaba da jinya.

To, ku duba. Dogarin da aka ce ya ajiye sandarsa don kada ya doki baƙo, in ɓarawo ya zo da me zai doke shi? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba masu dashe kaɗai ba, har yaran nan da jikinsu ke kumbura saboda ƙodarsu na zubar da abinci mai gina jiki a fitsari, su ma sau da yawa akan daɗe ana ba su firedinisolon, bangonsu a tsage yake.

Fumfuna iri-iri ce

Fumfuna abu ne mai rai, dangin naman kaza ce. Ba dukanta ce abokiyar gaba ba. Yisti da ke tayar da burodi da fanke danginta ne, kuma daga wata fumfuna ce Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan a 1928. Makeron da ke cin kan yaranmu shi ma fumfuna ce, amma iyakarsa fata. Yadda take yaɗuwa shi ne tana sakin 'ya'ya ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, iska ta kwashe su. Ni da ku kullum muna shaƙar ɗaruruwansu, dakarun huhunmu su cinye su ba mu ma sani ba. Waɗanda suka fi damun mai ciwon ƙoda ga su.

Ta farko sunanta Asfajilus. Wani ɗan Italiya, Micheli, shi ya raɗa mata suna a 1729. Gidanta ruɓaɓɓen ganye, da juji, da taki, da harawar da ta jiƙe, da hatsin da aka zuba a rumbu bai gama bushewa ba, da ƙurar tsohon gini in ana rushe shi. Ga mai raunin garkuwa takan tsiro a cikin huhu, ta huda jijiyoyin jini, har ta bi jini ta kai ƙwaƙwalwa. Wata 'yar gidansu ce ke kama gyaɗa da masara ta bar musu dafi mai lalata hanta. An gano dafin ne bayan talo-talo wajen dubu 100 sun mutu a Ingila a 1960 saboda an ba su abinci mai garin gyaɗar da ta yi fumfuna.

Ta biyu Numosistis. Ita ba ruwanta da rumbu, daga numfashin mutum take zuwa na wani, mai lafiya ya ɗauke ta bai san yana ɗauke da ita ba. Tarinta busasshe ne, ba kaki, sai haki da ke ƙaruwa kullum. Mutumin da jiya ya je masallaci da ƙafarsa, yau daga ɗaki zuwa bayan gida sai ya tsaya ya huta.

Ta uku Kiriftokokus, wadda ta fi son busasshen kashin tantabara. Takan shiga ta huhu shiru, wani lokaci ko tari babu, sa'an nan ta haura kai ta zama sanƙarau. Ita takan jinkirta, sai bayan shekara guda ko fiye da yin dashe, lokacin da kowa ya saki jiki.

Ta huɗu Histofilasma, tana zama a ƙasar da kashin jemage ko na kaji ya daɗe yana zuba. Akwai irinta a Afirka ta Yamma, masana sun same ta a kogon jemagu na Ogbunike a Jihar Anambara. Gidan da jemagu suka yi sansani a rufinsa sai a yi hattara.

Ta biyar Muko, ita ce aka yi ta kira baƙar fumfuna sa'ad da ta kama mutum fiye da dubu 40 a Indiya a 2021, lokacin annobar korona. Ta fi kama mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, musamman in yana shan magani irin firedinisolon. Takan fara daga hanci, ta ci fuska da ido, ko ta sauka huhu, kuma tana da sauri ƙwarai.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 masu haɗari ga ɗan Adam, Asfajilus da Kiriftokokus kuwa suna cikin huɗun da ta sa a sahun gaba.

Inda ake yin ɓatan kai

Babban abin da ke kashe masu wannan ciwo shi ne jinkiri, jinkirin kuwa daga kama yake zuwa. Tari, zazzaɓi, gumin dare, rama, kaki da jini, duk wanda ya ji waɗannan sai ya ce tarin fuka ne. Wata kuma ta ce sanyi ne, a dafa citta da kanumfari. Wata ta aika yaro kemis ya sayo kafso. A yi mako ana sha, a canza wani, a sake mako. Ku sani, kafso da allurar da ke kashe ƙwayoyin cuta na yau da kullum ba sa taɓa fumfuna ko kaɗan. Tana nan tana cin huhu ana ta zuba magani a banza.

Ba cewa nake yi tarin fuka ba ya kama mai ciwon ƙoda ba. Yana kama shi, har ma fiye da yadda yake kama mai lafiya, kuma wani lokaci a sami cutar biyu a huhu ɗaya. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke ma, ramin da ciwon ya bari a huhunsa Asfajilus takan shiga ta dunƙule ta zama curi, ya riƙa tofar da jini, a yi tsammani tsohon ciwo ne ya dawo. Abin da nake cewa shi ne a auna kafin a fara magani. Dalili kuwa, cikin magungunan tarin fuka akwai rifamfisin, wanda ke sa takrolimus ya bar jini da sauri. In aka fara shi ba da sanin likitan ƙoda ba, dakarun jiki sai su farka su kashe ƙodar da aka sayar da gona aka dasa.

Wani abin lura kuma, firedinisolon yana ɓoye zazzaɓi. Kina iya taɓa goshin maigida ki ji shi da sanyi, alhali ciwo ya yi nisa a ciki. Saboda haka kada ki ce tunda jiki ba zafi ba komai.

Alamun da ba a kwana da su

Ga sauran mutane akan ce in tari ya kai mako 2 a je a auna kaki. Mai dashe ko mai shan maganin rage garkuwa ba ya jiran mako 2. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, a ranar za a nemi likitansa:

Zafin jiki ya kai 38 a ma'auni.

Haki ko numfashi sama-sama. Babban mutum in yana zaune yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. In kin ƙirga kin ga ya wuce haka yana zaune bai yi aikin komai ba, akwai magana.

Sabon tari, ko da busasshe ne, ko ciwon ƙirji mai suka in ya ja numfashi.

Jini a kaki, ko ɗigo ɗaya ne.

Ciwon kai da ya ƙi tafiya, ko sanƙarewar wuya, ko ya riƙa magana ba kan gado.

Toshewar hanci gefe ɗaya da kumburin fuska, ko baƙin ɓawo a cikin hanci ko a dasashi da ganɗa.

In kun isa asibiti, kalmar farko da za ta fito daga bakinki ita ce, "Likita, an yi masa dashen ƙoda, ga magungunan da yake sha." Ki tafi da kwalayen duka a jaka. In an yi magani kwana biyu ba sauƙi, ba rashin kunya ba ne ki ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ko za a duba fumfuna?" Matambayi ba ya ɓata. Hoton ƙirji na yau da kullum ba kullum yake nuna ta ba, wani lokaci sai an yi babban hoton nan na siti sikan, a auna jini da kaki, ko a zura siririn bututu cikin huhu a ɗebo ruwa a duba.

Aikinmu a cikin gida

Rigakafi ya fi magani, kuma yawancin rigakafin nan a hannunmu yake, ba ya cin ko kwabo.

Da farko, mai wannan lalura ba ya shiga rumbu, ba ya zazzage buhu, ba ya tsayawa inda ake sussuka ko shiƙa ko ɓarar gyaɗa. Na san abin da wuya. Magidancin da ya saba shi ke auna hatsin gidansa ba zai so a ce ya koma gefe ba, uwargida kuma da ta sami sauƙi sai ta ce ita fa ba za ta zauna a yi mata bakace ba. Sai a lallashe su da magana mai daɗi. In iska na kaɗo ƙaiƙayi wajen ɗakinsa, a rufe taga har a gama, ko a matsar da aikin bayan gida.

Na biyu, sharar akurki da ɗakin tantabaru da turken awaki, da kwasar taki zuwa gona, duk a ɗora wa wani. In da hali tantabarun nan a ba ɗan'uwa riƙo. Mai sharar kuma ya yayyafa ruwa kafin ya sa tsintsiya, don kada ƙura ta tashi. Haka za a yi wa ɗakin majinyaci ma, a fitar da shi tukuna, a yayyafa ruwa a share, ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Na uku, a duba ɗakin da yake kwana. In akwai yoyo a toshe. In bango ya yi baƙi-baƙi saboda laima, a canza masa ɗaki har a kankare a gyara, kuma kada ya kasance a wurin ana kankarewa. Kada a jibge buhunan hatsi ko harawa inda yake kwana. Katifa da matashi da tabarma a riƙa shanya su a rana. A bar iska da haske su shiga.

Na huɗu, abincin da ya yi fumfuna a zubar da shi duka. Kada a yaɗe saman a ci na ƙasa, kada kuma a kai hanci a sunsuna don a ji ko ya lalace. Gyaɗa da masara a tabbata sun bushe sarai kafin a ɗaure buhu, a ɗora buhun a kan katako, kada ya taɓa ƙasa.

Na biyar, in ana rushe katanga ko sabon gini a gida ko maƙwabta, ya ƙaurace wa wurin. In fita ta zama dole cikin ƙura, ya sa takunkumi mai kauri irin wanda ake kira N95. Ɗankwali ko bakin rawani ba ya tare 'ya'yan fumfuna.

Na shida, zancen 'yan dubiya. Dubiya lada ce, ba mai hanawa. Amma mai tari ko mura ya yi gaisuwarsa daga bakin ƙofa, kuma kada a cika ɗakin da mutane, musamman a watanni 6 na farko bayan dashe, lokacin da maganin rage garkuwa ya fi yawa.

Zancen magani

Bayan dashe likitoci sukan ba da Septrin na wasu watanni don tare Numosistis. Da yake ƙwaya ce da kowa ya sani, mai araha, sai a raina ta, in ta ƙare a ce ba komai. Wallahi da komai. Ita ce ƙofar da ke rufe tsakanin majinyaci da wannan haki. Ba a daina ta sai likita ya ce a daina.

In kuwa fumfuna ta riga ta kama, akwai magani, amma na haƙuri ne. Maganin Asfajilus, borikonazol, akan sha shi aƙalla mako 6 zuwa 12. Na Kiriftokokus akan fara da ƙarin ruwa mai amfoterisin a asibiti, sa'an nan a bi da ƙwayoyi na watanni masu yawa. Kowannensu yana da nasa sharaɗi. Amfoterisin yana wahalar da ƙoda, borikonazol kuma yana sa takrolimus ya taru a jini har ya zama guba. Shi ya sa za ku ga ana ta ɗibar jini ana aunawa, ana rage wannan ana ƙara wancan. Kada ku ce likita na cin kuɗinku ne. Kada kuma wata ta ce ai fulukonazol ɗin da aka ba ta na ƙaiƙayin mata maganin fumfuna ne, bari a ba shi. Ba ya kashe Asfajilus.

Abu biyu kuma ba a yinsu ko da wasa. Ba a dakatar da maganin rage garkuwa a gida don a ce jiki ya yi ƙarfi ya yaƙi tari, yin haka asarar ƙoda ce. Ba a kuma haɗa masa da jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Ƙoda ɗaya ce tal ke gare shi, ita ma ta aro.

Gare ku 'yan makaranta

Ƙannena, ku ma da naku aikin. A gidaje da yawa ku ne masu karatun boko. Ki sami littafin rubutu guda, ki ja layi da rula kamar yadda muke yi a aji, ki rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa da ranar komawa asibiti. Ki koyi karanta ma'aunin zafi, ki riƙa ƙirga numfashin Baba ko Inna da agogo, ki rubuta safe da yamma. Ranar zuwa asibiti ki miƙa wa likita littafin. Abin da ke ciki zai fi masa amfani da "jikin dai da sauƙi" da muka saba faɗa ko muna jin jiki.

Sa'an nan ina jan kunnenku game da ƙwayoyin ƙiba da wasu 'yan mata ke saye a ɓoye. Cikinsu akwai dekzametason, ɗan'uwan firedinisolon ne, har ya fi shi ƙarfi. Kumburin da yake sa wa ba ƙibar lafiya ba ce. Yana kawo hawan jini da ciwon sukari, watau manyan abokan gaban ƙoda, yana kuma kwantar da dakarun jikinku. Majinyaci dole ce ta sa shi yake sha, ke kuwa me ya kai ki tsaga bangonki da hannunki?

Wadda ta karanta wannan, don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta da ba ta iya ba, musamman in da mai ciwon ƙoda a gidan. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake girka wa mai hawan jini miya mai daɗi ba tare da an cika gishiri da dunƙule ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.

Taku har kullum,
Malama